Ƙafar Tsohuwar Motar Alfarma da Hanyar Mada

Makanikai a garuruwanmu sukan kasa lafiyar mota gida uku: inji, giya da ƙafa. Duk wanda ya taɓa raka wani cinikin tsohuwar mota ya san yadda abin yake tafiya. Za a tayar da inji a kasa kunne, a leƙa salansa ko tana hayaƙi, a ɗan zaga da motar a ji yadda giya take shiga, a kunna esi a ga ko yana sanyi. Ƙafa kuwa, in an yi mata adalci, sai a danna bayan motar da hannu sau biyu, a ce lafiya lau take. Alhali ga mai zirga-zirga tsakanin Gusau da Kwatarkwashi da Mada, ko mai bi ta Tsafe zuwa Funtuwa, ƙafar ce take fara gajiya, kuma sau da yawa ita take yanke hukuncin ko matafiyi zai kwana a gidansa.

Abin da ake kira ƙafa shi ne duk abin da ya haɗa taya da gangar jikin mota: sifirin, shakazoba, hannuwan ƙarfen da suke riƙe da wili, bol-join, da robobin bushin da suke tsakaninsu. Aikin sifirin ɗaukar nauyi. Idan taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, shi yake lanƙwashewa ya shanye dukan. Sai dai sifirin shi kaɗai ba ya sanin tsayawa, zai yi ta lilo da motar sama da ƙasa. Shakazoba ce take kwantar da wannan lilo, ta hanyar tura mai ta cikin ƙananan ƙofofi, ƙarfin girgizar ya koma zafi ya fice. Mutane da yawa suna ɗaukar cewa amfaninta jin daɗin zama ne kawai. Babban aikinta shi ne manna taya da ƙasa, domin tayar da take tsalle ba ta jin birki, ba ta kuma jin sitiyari.

Motocin alfarma ba su tsaya a sifirin ƙarfe ba. Tun a 1955 kamfanin Citroën na Faransa ya fito da ƙirar DS, wadda take tafiya a kan ƙafar mai da iskar gas. A 1961 Mercedes-Benz ya sa wa ƙirar 300SE ƙafar iska, a 1998 kuma ya fito da tsarin Airmatic a babbar motarsa S-Class. Range Rover ta koma ƙafar iska tun farkon shekarun 1990. Lexus LX470 tana ɗaga kanta tana saukewa da ƙarfin mai, GX470 kuma tana da balan-balan na iska a ƙafafun baya. A tsarin iska, wata jakar roba mai kauri ce take maye gurbin sifirin. Kwamfuresa tana hura ta, siraran tiyo suna kai mata iskar, bawul-bawul suna rarrabawa, wasu ƙananan na'urori suna auna tsayin motar suna sanar da kwamfuta. Sakamakon haka motar takan daidaita kanta ko an cika ta da kaya, takan ɗaga cikinta idan an zo gargada, kuma wanda yake zaune a baya ba ya sanin an wuce rami sai dai ya gani da ido.

Irin waɗannan motoci sun yawaita a hannun ma'aikata da malamai da matsakaitan 'yan kasuwa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Motar alfarma tana saurin faɗuwa a farashi, har ta kai wadda ta shekara ashirin takan fi ƙaramar Corolla da ba ta kai ta shekaru ba araha. Kayan gyaranta ne ba sa faɗuwa tare da ita. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk abin da ake ɗaura wa irin wannan mota da Dala ake shigo da shi. Mutum ya sayi motar da kuɗin malami, ga shi zai ciyar da ita da kuɗin minista.

Ina cikin waɗannan mutane. Motata ƙirar Turai ce ta farkon shekarun 2000, mai ƙafar iska gaba da baya. Ba ni da ƙorafi a kanta. Roba ce, ta shekara fiye da ashirin tana lanƙwasa tana miƙewa, ta sha sanyin ƙasar da aka fara hawanta, ta zo ta sha zafin bazarar Gusau da yakan haura digiri 40, ta sha ƙurar hunturu. Duk robar da ta ga wannan dole ta tsattsage. Alamar farko da na gani ita ce wadda kowa yake gani: a ajiye mota da dare a daidai, a wayi gari ta karkata gefe ɗaya kamar raƙumi zai durƙusa. Daga nan kwamfuresa ta fara daɗewa tana gurnani. Wannan gurnani shi ne abin tsoro, domin ƙaramar ɓula tana sa kwamfuresa aikin da ba a yi ta dominsa ba, ta yi zafi ta ƙone, gyaran abu ɗaya ya koma na biyu.

Da a ce tsakanin gida da wurin aiki kawai nake hawanta, da maganar ba ta kai ta shafin jarida ba. Mahaifiyata tana Mada, tana fama da ciwon baya, kuma ni nake ɗauko ta zuwa ganin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Taushin motar, wanda wani zai ɗauka ƙawa ce, a wurinta magani ne. A ɗaya ɓangaren kuma, babu ɗan Zamfara da yake buƙatar a yi masa bayanin abin da tsayawa a gefen hanya yake nufi a 'yan shekarun nan. Kowa yana lissafin lokacin fita da na dawowa, kowa ya san wuraren da ba a son ko fitsari ya tsayar da mutum. Mun kuma ga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, wanda motarsa ta tsaya ba shi da ko hanyar kiran makanike. Saboda haka tambayar da take gabana ta zama mai fuska biyu: wace ƙafa ce ba za ta wahalar da bayan Inna ba, wace ce kuma ba za ta zaunar da mu a daji ba?

Hanyoyin da suke gaban mai irin wannan mota biyar ne, kuma na auna kowace.

Ta farko ita ce sayen sababbin kayan asali daga kamfanin da ya ƙera motar. Ita ce mafi tsafta, domin motar za ta koma yadda aka yi ta. Amma idan aka haɗa ƙafafu huɗu da kwamfuresa da bawul, kuɗin yakan tasam ma farashin motar kanta, wani lokaci ya wuce. Ga mai albashi wannan ƙofa a rufe take.

Ta biyu ita ce tokumbo, wanda wasu suke kira Beljiyam, wato kayan da aka kwance daga wata motar a ƙasar waje. Ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas. A kan abin ƙarfe, irin su hannun ƙafa ko wili, tokumbo na gari yakan fi sabon jabu nesa ba kusa ba. A kan abin roba lissafin ya sha bamban. Balan-balan ɗin da aka ciro daga mota sa'ar tawa, shekarunsa ɗaya da wanda zan cire. Ya yi kyau a ido, an wanke shi an shafa masa baƙin mai, amma tsufansa yana cikin lanƙwasar da ido ba ya kaiwa. Mai sayensa ya sayi sauran kwanan da bai san yawansa ba.

Ta uku ita ce sababbin kayan iska daga kamfanonin da ba su ne suka ƙera motar ba. Bilstein na Jamus da Arnott na Amurka suna cikin sanannu a wannan fage. Farashinsu ya fi na asali sauƙi, kuma motar tana riƙe halinta. Ga mazaunin Abuja ko Kano wannan zaɓi ne mai kyau, kuma ba zan hana kowa shi ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne, sabon balan-balan ba ya sabunta tsofaffin tiyo da wayoyi da na'urorin awo da suke kewaye da shi. Idan ɗayansu ya gaza, sai an sami mai kwamfutar da take karanta wannan tsari, kuma irinsa ba a kowane gari yake ba. A Mada za ka sami mai facin taya da mai walda da makaniken da zai sauya maka shakazoba a ƙarƙashin bishiya. Wanda zai daidaita maka tsayin mota da kwamfuta kuwa, sai ka yi tafiya.

Ta huɗu ita ce wadda samari suka fi so, wadda kuma ta cika hotunan intanet: ƙafar tsere mai tauri, wadda ake sassauke mota da ita har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, a haɗa da manyan wili masu sirarar taya. An yi wannan ne domin shimfiɗaɗɗen titi da kwana cikin gudu. Lambobin da suke jikin taya sun isa hujja. Taya mai lamba 225/60 R16 kaurin gefenta milimita 135 ne, wato kashi 60 cikin ɗari na faɗinta. Mai lamba 245/40 R19 kuwa milimita 98 ne. Wannan bambanci na kusan santimita huɗu shi ne matashin farko da yake tsakanin bakin rami da wilin mota. Wanda ya rage shi a hanyoyinmu ya shirya wa kumburin taya da lanƙwasar wili. A kasuwa ana kiran wannan ƙarin inganci. Ni ban ga ingancin da ya ƙaru ba idan motar ta kasa hawa tudun rage gudu na cikin gari.

Ta biyar ita ce a cire tsarin iskar gaba ɗaya a mayar da motar kan sifirin ƙarfe da shakazoba ta gargajiya. Ita na zaɓa, kuma dalilina guda ne: yadda kowane tsari yake mutuwa. Ƙafar ƙarfe tana ciwo kafin ta mutu. Za ta fara ƙwanƙwasa, ta yi zubar mai, motar ta riƙa lilo bayan an wuce rami, ta ba ka makonni kana shiri. Ko sifirin ya karye, galibi mota takan lallaɓa ta kai gari. Ƙafar iska tana iya yin lafiya da safe, da azahar ta saki numfashi gaba ɗaya, motar ta zauna a kan robobin tsaro, taya ta kusa gugar bodi, tafiya ta koma rarrafe. A ƙasar da motar ja take zuwa cikin rabin sa'a, wannan ɓata lokaci ne kawai. Tsakanin Tsafe da Yankara kuwa, magana ce ta rai.

Masu kishin ƙafar zamani suna da labarin da suke kafa hujja da shi, kuma labarin gaskiya ne. A ranar 22 ga Agustan 1962 'yan bindiga suka buɗe wa motar shugaban Faransa Charles de Gaulle wuta a Petit-Clamart, kusa da Faris. Harsasai suka fasa tayoyi, amma direban ya iya riƙe motar ya fice da gudu, kuma an yaba wa ƙafar Citroën DS a kan haka. Abin da ake mantawa shi ne motar shugaban ƙasa ce, a ƙasar da aka ƙera ta, a hannun makanikan da aka horar dominta. Fasaha tana ceton rai idan akwai masu kula da ita a kusa. Idan ta tsufa a nesa da su, ita kanta takan zama abin da ake tsoro.

Ba zan ɓoye abin da aka rasa ba. Motar ta daina daidaita kanta, saboda haka idan aka loda buhunan hatsi a but, bayanta yakan sauka, fitilun gaba su ɗaga su haske idon mai tahowa. Maɓallin ɗaga ciki ya zama ado. Kwamfutar motar takan yi ta kuka tana neman tsarin da aka cire, sai an sa mata ƙaramar na'urar da take zuwa tare da kayan kirki, ko an rufe wannan sashe a cikinta. Wanda zai saya daga hannuna wata rana yana iya rage mata daraja. Taushin nan na kamar ana tafiya a kan ruwa kuma bai dawo duka ba. Wani abokin aikina ya ce mini na mayar da ingarma jaki. Na ce masa ai jakin ne yake kai kaya gida.

Sai dai mayarwa kan ƙarfe iri biyu ce, kuma a nan mutane da yawa suke cutuwa. Akwai kayan da aka ƙera musamman domin wannan ƙirar mota, an auna ƙarfin sifirin da nauyinta, an auna tsawon shakazoba da tafiyar ƙafarta. Akwai kuma aikin dabara, inda ake ɗauko sifirin wata motar a yanke, a yi walda a cusa. Na biyun ya fi araha, kuma motar za ta tashi tsaye ta yi kyau a gareji. A kan hanya ne za a gane gaba ya fi baya tauri, ko motar tana rinjaya a kwana, ko tana cin taya ta gefe ɗaya. Haka nan masu cewa a ɗaga ta sosai saboda ramuka. Ɗagawar da ta wuce kima tana sauya kusurwar da aka tsara wa ƙafa da shaf, tana kuma sa mota saurin karkata. Araha ba ta ado, balle a abin da yake riƙe da mota tana gudun kilomita 100 a sa'a.

Dattijon makaniken da ya yi mini aikin, wanda ya koyi sana'a a zamanin Fijo, shi ya warware mini matsalar bayan Inna. Ya ce, "Dakta, taushi ba a balan-balan kaɗai yake ba. Rabi yana taya, rabi yana bushin." Da shawararsa muka bar motar a tsayinta na asali, muka zaɓi shakazoba mai laushi maimakon ta tsere, muka sauya duk robobin da suka mutu, muka koma ƙaramin wilin da kamfanin ya amince da shi ga wannan ƙira, bayan mun tabbatar ba ya taɓa birki, muka sa taya mai kaurin gefe. Da na ɗauko Inna bayan aikin ban gaya mata an sauya komai ba, ita ma ba ta ce komai ba, kuma wanda ya san ta ya san da ta ji da ta faɗa.

Ambaton Fijo ba daɗin baki ba ne. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma a shekarar ce ƙirar 504 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka. Abin da ya sa 504 ta mallaki hanyoyin Arewa shekaru da dama, daga motar gwamnati har ta haya, shi ne ƙafarta mai doguwar tafiya, mai laushi, mai sauƙin gyara, wadda kowane gari yake da wanda ya san ta. Iyayenmu sun yi Gusau zuwa Sakkwato da Zariya a cikinta ba tare da kwamfuta ba. Darasin da ta bari shi ne a auna ƙafar mota da hanyar da za ta bi da kuma hannun da zai gyara ta.

Ga mai niyyar wannan aiki, akwai abubuwan da suka kamata ya riƙe. Kafin a sayi komai a tabbatar da ciwon: a auna tsayin motar daga ƙasa zuwa bakin bodi da dare, a sake aunawa da safe, a fesa ruwan sabulu a jikin balan-balan da mahaɗar tiyo a ga inda yake kumfa. Wani lokaci tiyo ɗaya ne ya ɓule, kuma ba a rushe gida saboda ɗigon rufi. Shakazoba da sifirin bibbiyu ake sauya su, dama da hagu tare. A ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke motar ta tsaya da nauyinta, domin wanda aka ɗaure tana rataye yakan murɗe ya yage da wuri. A yi alaimen bayan an gama. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT na jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Sunaye irin su Sachs da KYB da Monroe da Bilstein sanannu ne, kuma saboda sanuwarsu ake buga su a kwalin jabu, don haka a sayi kaya a wurin wanda zai ba da rasit ya kuma karɓi abinsa idan ya gaza. Kayan iskar da aka cire kuma a adana su, wataƙila mai saye na gaba ya so mayarwa.

Akwai rabon hukuma a cikin wannan magana. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, tana da aiki a kasuwannin kayan gyara, domin jabun shakazoba da jabun bol-join suna kisa kamar jabun magani, sai dai ba a rubuta sunansu a rahoton haɗari. Kwalejojin fasaha da ke jihar nan, irin ta tarayya da ke Ƙauran Namoda, za su iya buɗe gajerun kwasa-kwasai ga makanikan da suke bakin aiki, su koyi karatun kwamfutar mota. Motocin da suke shigowa yanzu sun fi tawa dogaro da waya da na'ura, kuma nan da shekara goma su ne tsofaffin da za su cika garejin Gusau. Idan hanya ta gyaru, tsaro ya samu, masu gyara suka ƙware, lissafin da na yi zai sauya, kuma zan fi kowa murnar mayar wa motata da numfashinta.

Kafin wannan rana, shawarata ga ɗan'uwana mai tsohuwar motar alfarma ita ce ya ajiye hotunan talla, ya tambayi kansa inda yake zuwa, wa yake ɗauka, wa zai kira idan ta tsaya, kuma da wane lokaci. Amsar mazaunin Maitama daban, ta mai zuwa Mada daban, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu muddin ya yi lissafi da hanyarsa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.